Sauya Wa Shafin Intanet Manhaja: Inda 'Yan Kasuwa Ke Asarar Masu Ciniki

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa tashi daga wata rumfa zuwa wata, ko a Mile 12 ta Legas ko a Sabon Ibadan, ya san cewa sai an bar sallahu a tsohon wuri, in ba haka ba mai ciniki ya zo ya tarar da ƙofa a rufe ya wuce maƙwabci. Irin wannan asara ce ke samun kamfanonin da ke mayar da tsofaffin shafukansu na intanet kan manhajojin sarrafa shafi, irin su WordPress wadda aka fitar a 2003, da Joomla ta 2005.

Dalilin ƙaurar a fili yake. Tsohon shafin da aka rubuta da hannu, ko farashin buhun shinkafa za a canza sai an nemo ma'aikacin da ya gina shi, alhali a sabuwar manhajar akawun ofis ma zai iya. To amma matsayin da Google ke bai wa kamfani a jerin sakamakon bincike yana rataye ne da adireshin kowane shafi ɗaya bayan ɗaya, tare da mahaɗan da wasu shafuka suka yi zuwa gare shi cikin shekaru. Sabuwar manhaja kuwa takan ƙirƙiro nata adireshin. Wanda ya bi tsohon sai ya ci karo da lambar 404, wato babu shafin, kuma ba da daɗewa ba Google zai cire shi daga jerinsa.

Maganin shi ne, kafin a taɓa komai, a rubuta dukkan tsofaffin adireshi, a ajiye sabo a gefen kowanne. Inda za a iya barin adireshin yadda yake, barin ya fi. Inda ba zai yiwu ba, sai a sanya umarnin karkatarwa mai lamba 301, wanda ke shaida wa injin bincike cewa ƙaurar ta dindindin ce. Lamba 302 ta wucin gadi ce, ba ita ake so a nan ba. Kamfanin Google ya ba da shawarar a bar karkatarwar na aƙalla shekara guda.

Wasu ma'aikatan, don gudun wahala, sukan tura dukkan tsofaffin adireshi zuwa shafin farko kawai. Wannan ha'inci ne ga mai kamfani, domin Google kan ɗauki irin wannan tamkar shafukan sun ɓata.

Akwai kuma wani ɗan akwati a cikin saitin WordPress da ke roƙon injunan bincike kada su lissafa shafin. Akan kunna shi lokacin gwaji, kuma idan aka manta da shi ranar buɗewa, kamfani zai iya ɓacewa daga bincike baki ɗaya. Haka nan ya kamata a kwashe kanun shafuka da rubutunsu yadda suke, sa'an nan a miƙa sabuwar taswirar shafuka ta Search Console, wadda kyauta ce, a riƙa duba ta don ganin adireshin da suka karye.

Ko da an yi komai daidai, matsayi kan ɗan yi tangal-tangal na wasu makonni. Saboda haka mai sayar da atamfa ko kayan masarufi bai kamata ya yi ƙaurar gab da azumi ko jajiberin Sallah ba, kuma yana da kyau ya riƙe wani kaso na kuɗin aikin har sai ya gwada tsofaffin adireshin da kansa.