Ranar Da Baffa Ya Gai Da Ɗa A Kalambaina

A shekarar 1812, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana zaune a Sifawa, ya raba ɗawainiyar daula gida biyu. Gabas ya danƙa wa ɗansa Muhammadu Bello, yamma kuwa ya ba ƙanensa Malam Abdullahi. Ba a haƙa rami ba, ba a kafa turke ba. A wancan zamani da mutane ake gane iyaka: ina garin nan yake kai gaisuwa, daga ina ake aiko wa sarkinsa takardar naɗi? Kano, Katsina, Zazzau da Bauchi suka fuskanci Sakkwato. Kabi, Yawuri, Nufe da Liptako suka faɗa rabon Abdullahi, daga baya har Ilorin.

Iyaka irin wannan amana ce ke riƙe da ita. Ranar da shugabannin biyu suka ɓata, ranar ƙasa za ta tsage. Saura ƙiris kuwa hakan ta faru.

Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817. Abdullahi yana Boɗinga labari ya iske shi, ya yi sirdi ya nufo birni. Masu tarihi sun ruwaito cewa kafin ya iso jama'a sun riga sun yi wa Bello mubaya'a, ya tarar da ƙofar gari a rufe. Wannan fa shi ne wazirin Shehu, wanda ya ja runduna ya ci Birnin Kebbi a 1805. Bai tayar da fitina ba. Ya juya ya tare a Gwandu, cikin ganuwar da Bello da kansa ya gina a 1806, bayan jama'a sun sha wuya a yaƙin Alwasa. Shekaru suka shuɗe, baffa da ɗa ba sa ga maciji.

A cikin waɗannan shekarun ne aka yi tawayen Abdussalami, almajirin Shehu da ya yi bore a Kware. Bello ya murƙushe shi a 1818, amma sauran mutanensa suka tsere yamma, suka yi sansani a Kalambaina, dab da Gwandu. Abdullahi ya yi ta fama da su, abin ya faskara. Da labari ya kai Sakkwato, Bello bai ce wannan rabon baffa ne, ba ruwansa ba. Ya taso da runduna ya shigo ƙasar da ba tasa ba, suka haɗa ƙarfi, Kalambaina ta faɗi wajen 1821.

Bayan ƙura ta lafa, suka yi ido biyu kowa bisa dokinsa. Bello ya yunƙura zai sauka ya gai da baffansa kamar yadda tarbiyya ta tanada. Abdullahi ya yi masa nuni da ya zauna, shi ya fara gaishe shi gaisuwar da ake yi wa Sarkin Musulmi. An ruwaito kuma cewa ya tuɓe alkyabbarsa ya ba Giɗaɗo ɗan Laima, alamar ya sallama masa wazirci. Bello kuma ya tabbatar wa baffansa da mulkin yamma.

Abdullahi ya ci gaba da karantarwa da rubuce-rubuce a Gwandu har Allah ya karɓi ransa, hubbarensa na nan ana ziyarta. Zuriyarsa suka riƙe yamma, zuriyar Shehu suka riƙe gabas, ba wanda ya ɗaga wa ɗan'uwansa takobi kan iyaka har Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Fadar Sarkin Gwandu ta koma Birnin Kebbi, amma sarautar tana gidan Abdullahi har yau.

Mu da muke zubar da jini kan kunya ɗaya ta gona, muna da takardu da safiyo da kotu. Waɗannan bayin Allah ƙasashe suka raba, kuma abin da ya tsare musu iyakar fiye da shekara 80 shi ne babba ya haƙura da abin da yake ganin haƙƙinsa ne, ƙarami kuma bai manta da girman babba ba.