Ƙarangiya: ciyawar da ba ta tsoron fari

Iyaye mata da masu faɗakarwa na ƙauyuka, kun san ƙarangiya da ƙayarta mai maƙale wa zane. Ku sani kuma, cikin ƙayar nan akwai ƙwaya mai ciyar da mutum.

Ƙarangiya ciyawar ƙasa mai rairayi ce. Ta yawaita a jigawa da makiyayar arewa, wajen Dakoro, Tanut, Gure da Abalak, inda ruwan sama kan gaza wa hatsi. Irinta yakan kwanta cikin yashi rani duka, ya tsiro da ruwan farko, ya nuna kafin kaka ta wuce. Dabbobi ke ɗaukar ƙayar a jikinsu su kai ta nesa. Saboda wannan juriya ne gidaje da dama suka dogara gare ta a farin 1973 da na 1984. Cin ta ba abin kunya ba ne, domin ƙwayarta ta fi hatsi sinadarin gina jiki.

Sai dai gyaranta na son haƙuri. Ku tara ta bayan ta bushe, ku sussuka a turmi, ku sheƙe har sai ba ƙaya ko ɗaya, sannan ku niƙa ku tankaɗe. Ƙaya guda na iya ji wa yaro ciwo a maƙogwaro. In za ku dama kunu, ku yi shi da kauri, ku ƙara garin ƙuli-ƙuli ko wake, da zogale da ɗan mai. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Kada a ba shi kunu ko ruwa.

Ku kuma masu faɗakarwa, ku lura: gidan da ƙarangiya ta zame masa abincin kullum, rumbunsa ya ƙare ne. Ku auna dantsen kowane yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. In ma'aunin ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafun yaron biyu sun kumbura, tamowa ce mai tsanani. A kai shi gidan likita a ranar, kada a jira ranar kasuwa.

Ku kiyaye makiyaya daga wutar daji, domin abincin mutane da na dabbobi take cinyewa.