BUƊAƊƊIYAR WAYA: DARASI DAGA NA'URAR DA BA A GAMA ƘERAWA BA

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Mai'adua ranar Lahadi ya san cewa wayar tafi-da-gidanka ta zama abokiyar ciniki. Da ita dillalin shanu yake jin farashin Legas kafin ya sallama, da ita kuma baƙon da ya ƙetaro daga Nijar ta Kongolam yake sanar da gida ya iso lafiya. Tun daga watan Agusta na 2001, lokacin da kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a Nijeriya, wannan na'ura ta samar wa dimbin matasa sana'a, daga masu caji zuwa masu gyara.

To amma akwai iyakar da mai gyara ba ya iya ƙetarewa. Yana iya canza gilashi, ko batir, ko bakin caji. Idan kuwa cutar tana cikin manhaja ne, abin da ya rage masa shi ne ya goge ta ya sake ɗora wadda kamfani ya fitar, ba tare da ya san abin da ke rubuce a ciki ba. Wannan maƙala za ta duba wata irin waya da aka ƙera musamman domin a leƙa cikinta.

Mece ce buɗaɗɗiyar manhaja?

Wayar zamani ƙaramar na'ura ce mai ƙwaƙwalwa, kuma ba ta yin kome sai bisa jerin umarnin da mutane suka rubuta mata. Wannan jerin umarni shi ake kira manhaja. Ana fara rubuta shi ne da haruffa da alamomin da ɗan Adam zai iya karantawa, daga baya a juya shi zuwa lambobin da na'ura kaɗai ke fahimta. Yawancin kamfanoni suna sayar da lambobin, su ɓoye rubutun asali.

A 1983 wani masani a Amurka mai suna Richard Stallman ya soma wani shiri da ya kira GNU, bisa aƙidar cewa mai amfani da manhaja yana da haƙƙin ya karanta ta, ya gyara ta, ya kuma raba wa wasu. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta Linux, wato ƙashin bayan babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, ya sake shi ga kowa. Manhajar da aka bayyana rubutunta ta wannan hanya ita ce buɗaɗɗiya.

Wayar Neo1973

A watan Yuli na 2007, 'yan kwanaki bayan fitowar iPhone ta farko, wani shiri mai suna Openmoko, ƙarƙashin kamfanin FIC na Taiwan, ya fara sayar da waya mai suna Neo1973. An raɗa mata sunan ne don tunawa da shekarar 1973, lokacin da Martin Cooper na kamfanin Motorola ya yi kira na farko da wayar hannu. Tana aiki da Linux, tana da gilashin taɓawa mai inci 2.8 da na'urar gano wuri ta tauraron ɗan Adam. Kuɗinta dalar Amurka 300 ne. Wanda ya biya dala 450 kuwa akan haɗa masa da kayan bincike, har da sukurdireba da ɗan ɓallin roba na ɓamɓare murfi. Wato kamfani da kansa yake gayyatar mai saye ya kwance ta.

Masu ita ba su ɓoye cewa ba a gama ta ba. Sun faɗa ƙarara cewa ta masu rubuta manhaja ce, ba ta gama-garin jama'a ba. Wanda ya saya sai ya jona ta da kwamfuta ya ɗora mata manhaja da hannunsa, ya kuma riƙa sabunta ta a kai a kai, domin kusan kullum akwai gyaran da wani ya yi a wata ƙasa. Kira yakan shiga yau, gobe ya ƙi. Batir yakan ƙare cikin 'yan sa'o'i, saboda ba a kammala sashen da ke sa waya ta yi barci idan ba a amfani da ita ba. Idan manhajar buga lamba ta ƙi aiki, mai wayar yana iya shiga cikinta ta kwamfuta, ya rubuta wa sashen sadarwa umarni kai tsaye, misali haruffan ATD tare da lambar da yake nema. A nan ne zai gane cewa taɓa hoton kore a gilashi ba kome yake yi ba illa aika irin wannan umarni a ɓoye.

Ƙanwarta FreeRunner da cutar ƙara

A Yulin 2008 aka fito da ta biyu, Neo FreeRunner, a kan dala 399. A wannan shekara kamfanin ya bayyana taswirar hanyoyin lantarkin wayar da zanen gangar jikinta. An yi ta iri biyu bisa zangon igiyar rediyo: ɗaya mai 850 da 1800 da 1900, ɗaya mai 900 da 1800 da 1900. Da yake layukan GSM na Nijeriya suna aiki ne a kan 900 da 1800, ta biyun ce ta dace da wuri kamar Mai'adua. Tana kuma karɓar batirin Nokia samfurin BL-5C, wanda kowane mai caji ya sani.

Ita ma ta zo da tata larurar. Masu amsa kira daga gare ta sukan ji wata ƙara kamar kukan ƙudan zuma. Da yake taswirar tana hannun kowa, an gano cewa igiyar rediyon wayar ce ke kutsawa cikin hanyar da ke ɗaukar murya. Maganin ya haɗa da liƙa ƙaramin kafasita da dalma a wani wuri da aka ayyana. A wasu biranen Turai masu wayar sun riƙa taruwa, wanda ya iya riƙe ƙarfen dalma ya gyara wa sauran. Wannan aiki ne da ƙwararren mai gyara a Daura ko a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano zai iya yi. Hannun yana da shi. Taswirar ce ba a ba shi.

Duk da haka ba a feɗe biri har wutsiya ba. Manhajar da ke cikin sashen sadarwa, wanda kamfanin Texas Instruments ya ƙera, ta kasance a rufe. A kasuwa kuma wayar ba ta yi nasara ba. Wayar Android ta farko ta fito a Oktoban 2008, kuma a 2009 Openmoko ya dakatar da ƙera sabuwar waya. Sai dai ilimin bai ɓata ba. Harald Welte, Bajamushen da ya yi aiki a shirin, shi ya jagoranci Osmocom, wanda ya samar da buɗaɗɗiyar manhajar tafiyar da ƙaramar tashar GSM. A farkon 2020 kuma kamfanin Pine64 ya fitar da PinePhone ta gwaji a kan kimanin dala 150, ba tare da babbar manhaja ba, da ƙananan makunnai shida a ƙarƙashin murfi na kashe sassa irin su kyamara da abin ɗaukar murya.

Me ya sa za a damu da wayar da ba ta da tabbas?

Ɗalibin nazarin halittu ya san amsar. Ƙwan kaza yana ɗaukar kwana 21 kafin a ƙyanƙyashe shi. Wanda ya fasa shi a kwana na 3 ba zai sami ɗan tsakon da zai yi tsattsaga ba, amma zai ga zuciya tana bugawa da jijiyoyin jini suna yaɗuwa a kan gwaiduwa, abin da gashi da fata za su rufe daga baya. Haka wayar da ba a gama ba take. Ga dillalin da ke jiran kiran mai saye, asara ce. Ga mai neman sani, kowace matsala ƙofa ce, domin sai ya gano sashen da ya gaza kafin ya yi gaba.

Akwai kuma batun harshe. Idan manhaja a rufe take, Bahaushe sai ya jira ranar da kamfani ya ga damar fassara ta, ko ya sa mata haruffan ɓ da ɗ da ƙ. Idan a buɗe take, malamin Hausa da ɗalibansa suna da izinin yin wannan aiki da kansu.

Abin da makaranta za ta iya yi

Ba lalle sai an sayo waya daga ƙetare ba. Android kanta a kan Linux aka gina ta, kuma babban ɓangarenta a buɗe yake, ko da yake kamfanoni suna ɗora rufaffun sassa a kai. Tun 2017 shirin postmarketOS yake ƙoƙarin ɗora Linux a kan tsofaffin wayoyi domin tsawaita rayuwarsu, amma ba kowane samfuri yake karɓa ba. Ƙungiyar kimiyya ta makarantar sakandare tana iya tara wayoyin da aka daina amfani da su, ta gayyato mai gyara daga kasuwa ya nuna sassansu, malamin kwamfuta kuma ya jagoranci sauya manhaja. A kiyaye abubuwa uku: kada a yi gwaji da wayar da ake dogaro da ita, domin kuskure yana iya kashe ta, a kwashe bayanan ciki tukuna, kada kuma a huda ko a lanƙwasa batir, domin yana iya kamawa da wuta.

Kammalawa

Neo1973 ba ta ci kasuwa ba, amma ta nuna cewa ana iya ƙera waya a miƙa ta tare da sirrinta. Yankin Daura yana da matasa masu hannun gyara, yana kuma da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin Daura. Abin da ya rage shi ne ɗalibin da ya iya canza gilashi ya koyi karanta abin da ke bayan gilashin. Gani dai, in ji Hausawa, ya kori ji.