Hayaƙin da muke zagi, yana cikin batirin wayarka

Kafin ka gama karanta wannan, ƙila ka duba cajin wayarka sau biyu. To a cikin batirin litiyam ɗin nan akwai wani sinadari, etilin kabonet, wanda ɗaya daga cikin kayan haɗa shi ita ce iskar kabon dayoksaid, wadda ake ɗora wa laifin ɗumamar yanayi.

Ana haɗa iskar ne da wani sinadari mai suna efoksaid, sai su ba da abin da masana ke kira kabonet mai zobe. Sai dai iskar kabon akwai taurin kai, ba ta son haɗuwa da komai. Dole a samo mata dillali, wato katalis, wanda zai ƙulla cinikin ba tare da shi kansa ya ƙare ba.

An daɗe ana amfani da dillalan da ke narkewa cikin ruwan haɗin. Suna aiki kam, amma fitar da su bayan an gama tamkar ka ce a ciro maka sukari daga cikin koko ne: sai an kashe wuta da kuɗi. Shi ya sa masu bincike suka koma neman katalis mai tauri, kamar gari ko tsakuwa, wanda za a tace, a wanke, a sake jefa shi cikin tukunya.

Cikin waɗanda ake gwadawa har da MOF, wani abu mai ramuka kamar saƙar zuma, da ake ginawa da ƙarfe da sinadaran kabon. Ramukan sun yi yawan da in aka shimfiɗa cikin 'yan gram kaɗan, zai iya rufe filin ƙwallo. A kan MOF ne Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi suka samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2025. Shi Yaghi, ɗan Falasɗinawa 'yan gudun hijira ne, a Amman aka haife shi.

Amma fa kar ku yi saurin yarda da bidiyon TikTok masu cewa an gano maganin ɗumamar yanayi. Da yawa daga cikin waɗannan katalis ɗin ƙarfinsu na raguwa bayan wasu zagaye, ramukan su toshe ko sinadarin da ke aikin ya zube. Wasu ma sai an ƙara musu wani gishiri mai narkewa kafin su motsa, an koma gidan jiya kenan. Shi kuma efoksaid, yawancinsa daga man fetur da gas ake samo shi. Sannan duniya na fitar da sama da tan biliyan 35 na iskar kabon a shekara, abin da kasuwar kabonet za ta iya shanyewa kuwa bai taka kara ya karya ba.

Ni abin da ya fi burge ni daban ne. A da, hanyar haɗa sinadaran kabonet da dama ta dogara da fosjin, iskar gubar da aka kashe sojoji da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kamfanin Asahi Kasei na Japan ya ɓullo da hanyar yin robar folikabonet ta amfani da iskar kabon a madadin wannan guba, kuma tun 2002 masana'anta ke aiki da ita a Taiwan.