Na'urar da ta Karɓe Agogo daga Hannun Gidajen Talabijin

A yawancin gidajen Hausawa, lokacin da talabijin ke daɗin kallo shi ne lokacin da hidima ta fi yawa. Tsakanin magariba da ƙarfe tara ake sallar jam'i biyu, a ci tuwon dare, a duba karatun yara, maigida ya dawo daga kasuwa, baƙi su yi sallama. A tsakanin nan kuma tashoshi ke jera shirye-shiryen da suka fi ji da su. Mai bin Daɗin Kowa ko Kwana Casa'in a Arewa24 ya san takaicin a kira sallah ana tsakiyar rikici, ya dawo ya tarar har an yi sulhu. Da azumi abin ya fi tsanani, domin tafsirin da mutum ke so a wata tasha sau da yawa yakan faɗo daidai lokacin buɗa-baki ko tarawihi.

Akwai na'urar da aka ƙera domin wannan matsala, kuma mutane da dama suna da irinta a falo ba su sani ba. Ana kiranta DVR, wasu kamfanoni kuma su ce PVR. Aikinta shi ne naɗar shirin talabijin a kan faifan ajiya irin na kwamfuta, a kalla lokacin da aka samu sarari. Mai zuwa kasuwa nemanta sai ya yi bayani dalla-dalla, don a shagunan kayan lantarki idan aka ce DVR, hankalin mai shago yakan tafi ne ga akwatin da ke naɗar hotunan kyamarorin tsaro.

Naɗar shiri a gida ba yau ta fara ba. Kamfanin Sony na Japan ya fito da Betamax a 1975, JVC ya biyo baya da VHS a 1976, kaset ɗin da daga baya aka gina masana'antar finafinan Kano a kansa, tun daga Turmin Danya a 1990. Sai dai masu finafinai a Amurka ba su yi maraba da sabuwar na'urar ba. Universal da Disney suka maka Sony a kotu a 1976, suna cewa duk wanda ya naɗi shirinsu ya ci haƙƙinsu, kuma kamfanin da ya sayar masa da na'urar shi ma yana da laifi. Shari'ar ta ɗauki fiye da shekara bakwai. A watan Janairun 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci da rinjayen alƙali ɗaya tak, biyar da huɗu, cewa mutum ya naɗi shiri a gidansa domin ya kalla daga baya ba laifi ba ne. Abin dariyar shi ne, kamfanonin da suka yi ƙarar sun zo sun tara dukiya mai yawa daga sayar da kaset ɗin da kuma ba da hayarsa.

Duk wanda ya yi zamani da kaset ya san wahalarsa. Awa uku ce a kan kaset ɗin da aka fi samu, sai an mayar da shi baya kafin a kalla, zare yakan sarƙe a cikin bidiyo, ƙura ta toshe kan na'ura har sai an nemo mai gyara. Ga kuma ƙanin da zai naɗi wasan ƙwallo a kan bikin yayarsa.

A farkon 1999, a baje kolin kayan lantarki na birnin Las Vegas, kamfanoni biyu, TiVo da ReplayTV, suka nuna akwatunan da ba su buƙatar kaset sam. TiVo, wanda injiniyoyi biyu, Jim Barton da Mike Ramsay, suka kafa, ya fara sayar da nasa a ƙarshen watan Maris na wannan shekara. Mai ɗaukar awa 14 dala 499 ne, mai awa 30 kuma dala 999, ban da kuɗin da ake biya domin jadawalin shirye-shirye. Sky+ ya bayyana a Birtaniya a 2001. A nahiyar Afirka, MultiChoice ya fitar da dikodar DStv mai naɗa a 2005, sannan Explora a 2013, wadda ke da faifan ajiya mai terabait biyu.

Sirrin na'urar ba mai wuyar fahimta ba ne. Hoton da ke saukowa daga tauraron ɗan'adam zuwa dish a yau lambobi ne zalla, irin waɗanda kwamfuta ke karantawa. Dikoda ta yau da kullum tana karanta su, ta nuna a allo, ta zubar. Mai naɗa kuwa tana zuba su cikin faifai tukuna, kamar yadda ake tara ruwan famfo a randa a riƙa ɗiba sannu a hankali. Shi ya sa hoton da aka naɗa ba ya raguwa ko kaɗan, yadda tasha ta aiko shi haka zai fito. Kuma da yake faifan yana iya rubutu da karatu a lokaci guda, mutum zai iya fara kallon shiri daga farko alhali ƙarshensa bai gama sauka ba.

Daga nan ne aka samu abin da ya fi burge mutanen farko da suka saye ta, wato tsayar da shirin da ake watsawa kai tsaye. A danna maɓalli, hoto ya tsaya cak, a je masallaci a dawo, a ci gaba daga inda aka tsaya. Tashar ba ta jira kowa ba. Na'urar ce ta ci gaba da tarawa a ɓoye. TiVo na farko yana riƙe rabin awa na duk tashar da ake kallo, ko ba a umarce shi ba, don haka wanda ƙwallo ta shiga raga yana waige zai iya komawa baya ya gani da idonsa. Abu na biyu shi ne jadawali. Maimakon saita agogo da hannu, sai a zaɓi sunan shiri a ce a naɗi kowane kashi nasa, na'urar ta riƙa bibiyarsa mako-mako.

Masu talla ne suka fara kuka. Gidan talabijin da tallace-tallace yake rayuwa, ga shi an ba mai kallo damar tsallake su cikin daƙiƙu. ReplayTV ya wuce gona da iri a idon manyan tashoshin Amurka da ya fito da samfurin da ke tsallake talla da kansa, suka kai shi kotu a 2001, kuma kamfanin da ya mallake shi, SONICblue, ya durƙushe a 2003 shari'ar ba ta ƙare ba. An sake irin wannan rigima a 2012 da kamfanin Dish ya fito da tsarin AutoHop. A tsakani, masu ƙidayar 'yan kallo sun canza lissafi: daga 2007 kamfanin Nielsen ya fara ƙirga wanda ya kalli tallar cikin kwana uku da watsa shiri. Wani ɓangare na dalilin da ya sa yanzu ake cusa kayan talla a cikin labarin wasan kwaikwayo, a ga jaruma tana girki da wani sinadari sunansa na fuskantar kyamara, ke nan. Wannan ba ya tsallakuwa.

To, mai gida a Kano ko Maraɗi, yaya zai yi? Hanya biyu ce. Ta farko dikodar kamfanin biyan kuɗi mai faifai a ciki, irin Explora, wadda ke buƙatar ƙarin kuɗi kowane wata kafin naɗa ta yi aiki. Ta biyu, wadda ta fi sauƙi, ita ce risibar tashoshin kyauta. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa, irin su Strong, suna da ramin USB a gaba ko a baya, kuma a jikin rimot akwai maɓalli mai jan ɗigo. Wannan maɓallin na naɗa ne. Ana soka filashi ko faifan ajiya na waje, a shiga saituna a bar risibar ta tsara shi, shi ke nan. A kula, tsarawar tana goge duk abin da ke ciki, saboda haka kada a ɗauko filashin da ke ɗauke da hotunan suna ko takardun makaranta.

Girman ajiyar ya danganta da ingancin hoto. A ƙiyasi, tasha mai hoto na yau da kullum tana cin kusan gigabait ɗaya a awa, mai hoto tangaran kuma ta ninka haka sau biyu zuwa huɗu. Filashi mai gigabait 32 zai ishi mai bin wasan kwaikwayo ɗaya ko biyu a mako. Matsalar ita ce jabu sun cika kasuwa: a jiki an rubuta 64, a ciki ko takwas ba ta kai ba, sai an zo kallo a tarar fayil ya lalace. Filashi mai nawa kuma yana sa hoto ya riƙa sarƙewa. Wanda ya yi niyyar naɗa da gaske, faifan waje ya fi masa, musamman mai nasa abin sokawa a wuta, domin wasu risibobin ba su da ƙarfin juya faifan ta ramin USB.

Akwai iyakar da ba a cika faɗa wa mai saye ba. Ɓangaren da ke kamo tasha a cikin risiba, wanda masu gyara ke kira tiyuna, guda ɗaya ne a yawancin masu araha. Idan yana naɗar wata tasha, ba za a iya juyawa zuwa kowace tasha ba, sai 'yan ƙalilan da ke sauka a kan mita ɗaya da ita. Gidan da uwargida ke son wasan kwaikwayo, samari kuma na son Firimiya a lokaci guda, sai an nemi mai tiyuna biyu, wani lokaci har da ƙarin waya daga dish.

Sai agogo. Risiba tana karɓar lokaci daga tauraro, amma sai an gaya mata inda take: Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi suna gaba da agogon GMT da awa ɗaya, Ghana kuma daidai take da shi. Kuskure a nan yana nufin a naɗi labarai a maimakon wasa. Kuma da yake ba kowace tasha ke cika alƙawarin lokaci ba, dabara ita ce a ƙara minti biyar a gaba, goma a baya. Wasan ƙwallon da ake iya zuwa ƙarin lokaci da bugun fenariti kuwa, a ƙara masa awa guda cur.

Babban abokin gaba dai wuta ce. Na'urar ba ta naɗa idan babu lantarki, kuma ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu na iya lalata fayil, wani lokaci har da faifan kansa. Sa'ar ita ce risiba ba ta cin wuta sosai, kuma ba sai talabijin na kunne take naɗa ba. Ƙaramin inbata ko batirin sola da ke riƙe ƙwai biyu da fanka zai riƙe ta har shiri ya ƙare.

Wani zai ce ai zamani ya wuce nan, tunda Labarina da ire-irensa suna YouTube. A Amurka haka abin yake, Netflix da takwarorinsa sun janye mutane daga akwatin naɗa. Amma a inda data ke cin aljihu, kuma intanet ke rarrafe da zarar an fita manyan birane, lissafin daban ne. Abin da ya sauko ta dish ba ya cin data, ko awa nawa aka naɗa. Kuma ba komai ake ɗorawa a intanet ba. Tafsirin malamin gari a tashar jiha, hawan sallah, muhawarar 'yan takara, hira da wani dattijon mawaƙi, da yawa sau ɗaya ake watsa su.

Su ma gidajen talabijin ba kullum suke adana kayansu ba. BBC da kanta ta goge ɗimbin shirye-shiryenta a shekarun 1960 da 1970 domin ta sake amfani da kaset, har yau fiye da kashi 90 na wasan Doctor Who ba a san inda suke ba. A 2013 aka sanar da gano kashi tara daga cikin waɗanda suka ɓata, kuma a wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos aka same su. A Filadelfiya ta Amurka, wata mata mai suna Marion Stokes ta shafe fiye da shekara talatin tana naɗar labaran talabijin dare da rana har rasuwarta a 2012, ta bar kaset sama da 70,000 da yanzu ke hannun cibiyar Internet Archive. Masu neman tsofaffin wasannin Samanja ko Karkuzu a yau sun san darajar mutumin da ya taɓa danna maɓallin naɗa a gidansa.

Sai dai a nan hanyoyin biyu sun rabu. Abin da dikodar biyan kuɗi ta naɗa a kulle yake, a cikinta kawai yake buɗewa, ranar da ta lalace ya tafi da ita. Na risibar kyauta kuwa galibi fayil ne da kwamfuta ke iya buɗewa a kwafe shi. Naɗa domin kallon gida daban, kwafa a sayar a shagon tura finafinai daban. Na biyun cin haƙƙin masu shiri ne, kuma shi ne ciwon da ya daɗe yana cin Kannywood.

Mai risiba a gida ya juya ta ya duba ko tana da ramin USB, ya duba rimot ko akwai jan ɗigon nan. Idan akwai, ya fara gwaji da shirin da bai damu da shi ba, kwana ɗaya ko biyu kafin ranar wanda yake jira.