Masu Gadin Hanyar Kedarnat

A arewacin ƙasar Indiya, cikin duwatsun Himalaya, akwai wata jiha da a ke kira Uttarakand. A nan ne mabiya addinin Hindu su ke da wuraren ziyara huɗu masu girma a wurinsu, watau Yamunotiri da Gangotiri da Kedarnat da Badrinat. To, yau muna so mu ba masu karatu labarin waɗansu ƙananan ɗakunan bauta biyu, waɗanda mutanen ƙasar su ka ɗauka su ne masu gadin hanyar.

Na fari shi ne na Bairab, a bisa wani tudu da ke duban haikalin Kedarnat. Shi wannan haikali yana bisan teku da ƙafa 11,755, kuma daga Gaurikund, inda mota ta ke tsayawa, sai an hau dutse wajen mil 10. Idan sanyi ya matso, wajen Oktoba ko Nuwamba, sai a rufe ƙofa, a sauko da abin bautar zuwa garin Ukimat, ba a komawa sai Afrilu ko Mayu. Duk watannin nan shida ƙanƙara ta rufe wurin, su kuwa sun gaskata Bairab ne ke tsaron kwarin. Ɗakinsa ko rufi ba shi da shi.

Na biyu shi ne na Dari Debi, a bakin kogin Alaknanda, tsakanin Sirinagar da Rudraprayag. Ita su ke kira mai tsaron wuraren nan huɗu duka, matafiya kuwa su kan tsaya su gaishe ta kafin su wuce.

Da aka gina madatsar ruwa ta wutar lantarki kusa da Sirinagar, aka ga ruwa zai shanye ɗakin. Mutane su ka ƙi yarda a taɓa gunkin, amma ran 16 ga Yuni, 1913 da shekara ɗari, watau 2013, aka ɗaga shi. A daren nan da wanshekare ambaliya ta auka wa Kedarnat, fiye da mutum 5,000 su ka salwanta. Jama'a su ka ce fushinta ne. Masana kuwa su ka ce ruwan sama ne mai yawa ya haɗu da narkewar ƙanƙara, har tafkin Corabari ya ɓalle ya kwararo cikin kogin Mandakini. Babbar Kotun Indiya ta sa a bincika, kwamitin da aka naɗa kuwa ya ce a 2014 aikin madatsun ya ƙara ɓarnar a waɗansu wurare. A watan Janairu na 2023 aka shigar da gunkin sabon ɗaki bisa ginshiƙai a tsakiyar ruwa.

Mu dai abin da muka lura shi ne, ko da dalilansu sun sha bamban, talakawa da masana sun haɗu a kan gargaɗi ɗaya: mai son ya tare kogi ya fara jin maganar waɗanda su ka tsufa a bakinsa.