Sifinja da Ciwon Gaɓoɓi a Lokacin Bazara

Duk wanda ya san Hartum da Umdurman ya san zafin watan Mayu da Yuni, lokacin da ma'aunin zafi kan wuce digiri 40. A irin wannan yanayi kowa neman abin da zai sha iska yake yi, saboda haka sai a ajiye takalmi sau-ciki a ɗauko silifa, wadda a nan Sudan ake kira sifinja. Ga araha, ga sauƙin tuɓewa wajen alwala. To, amma mutanenmu da yawa ƙafa ce jarinsu: mai agashe da ke tsaye tun la'asar har tsakar dare, da ɗan dako, da mai talla. Tun ɓarkewar yaƙi a watan Afrilu na 1444 bayan Hijira ko 2023 Miladiyya kuwa, jama'a da dama sun yi tafiyar ƙasa irin wadda ba su saba ba. Saboda haka maganar takalmi ba ƙaramar magana ba ce.

Ƙafar mutum, wato daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33. Akwai kuma wata jijiya mai kauri da ta miƙe daga dunduniya zuwa yatsu, ita ke tallafe da kwarmin tafin ƙafa. Sifinja ba ta da abin da ke riƙe dunduniya, sai mutum ya riƙa danƙe ta da yatsu don kada ta fita. A shekarar 2008 masu bincike a Jami'ar Auburn ta Amurka sun gano cewa mai sanye da irin wannan takalmi yakan gajarta takunsa. Idan aka yini a haka, jijiyar nan takan gaji ta fara ciwo. Alamarsa ita ce zafin dunduniya da asuba, a takun farko bayan an sauko daga kan gado.

Game da gwiwa kuwa, maganar tana da fuska biyu. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Rush da ke Chicago, wanda ya fito a 2010, ya nuna takalmi mai tauri ya fi silifa ɗora wa gwiwa nauyi. Amma a 2021 likitoci a Melbourne ta Ostareliya sun gwada masu ciwon gwiwa har wata shida, sai ya kasance waɗanda suka sa takalmi mai ƙarfi da ke tallafe ƙafa sun fi samun sauƙin ciwo. Abin da za mu ɗauka a nan shi ne, sifinja ba abokiyar gaba ba ce, sai dai tana da iyakarta. Ta tsakar gida ce, da zuwa masallacin unguwa, ba ta yinin kasuwa ba.

Markub, takalmin fatar nan da El Fasher da Geneina suka shahara wajen ɗinka shi, ya fi ta kama ƙafa domin yana rufe dunduniya, ko da yake ƙasansa a shimfiɗe yake. Mai tsayuwa da yawa zai iya sa masa shimfiɗa mai taushi daga ciki. Wanda kuma ya fi son buɗaɗɗen takalmi, ya nemi mai maɗauri ta baya.

Kafin a biya kuɗi a lanƙwasa takalmin da hannu. In ya lanƙwashe a wajen yatsu, madalla. In ya naɗe ta tsakiya kamar kisra, a bar wa mai shi. A riƙa duba ƙasan tsohon takalmi kuma: da zarar gefe ɗaya ya cinye, ƙafa za ta riƙa karkata a kowane taku, idon sawu da gwiwa su ɗauki wahalar. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Dattawa su yi hattara da sifinja a kan jiƙaƙƙen siminti, domin faɗuwa ɗaya na iya karya ƙugu. Masu ciwon sukari su ma rufaffen takalmi ya fi dacewa da su. In gaɓa ta kumbura, ko ciwo ya yi makonni bai lafa ba, a je ga likita, kada a tsaya ga tsaga da ƙaho.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.